Darmar Kawu Tambaya

A Bur Sudan, bayan rumbunan gishiri,
Kawu Tambaya ya tsufa yana gyaran sikeli.
Wata rana ya ce ya gaji da auna albasar mutane,
ƙasa zai auna, ranar da ta motsa.
Muka yi dariya. Bai tanka ba.

Ya tsinto darmar da masunta suka yar daga komarsu,
ya narka, ya juye a gwangwanin madara,
ta daskare da nauyin jinjiri ɗan wata biyu.
"Malalaciya ce," in ji shi, "kuma lalacin nake so.
In ƙasa ta zabura, bango zai bi ta, gado zai bi ta,
wannan kaɗai za ta tsaya tana shawara.
Ratar da ke tsakanin mai tafiya da mai tsayuwa,
ita za mu rubuta."

Da fari mun rataye ta da igiya a jikin azara.
Sai lilo take, gaba, baya, kamar kan ƙadangare.
Kawu ya girgiza kai:
"Girgizar nesa a hankali take isowa.
Gajeriyar igiya ba ta da haƙurin jiranta,
doguwar da za ta iya kuwa ta fi hasumiya tsawo."

Kwana tara bai taɓa darmar ba.
Ran na goma ya tsaya yana kallon ƙyauren garken awaki,
wanda ya ɗan karkace,
in an tura shi ya tafi, ya yi tunani, ya dawo.

Haka muka kwantar da sandar ƙarfe,
gindinta a kan kaifin aska, don kada ta ji gogayya,
darma a bakinta,
wayar birkin keke ta riƙo ta daga saman ginshiƙi.
Muka riƙa cusa kwabbai a ƙarƙashin ƙafar gaba.
Kwabo ɗaya, na ƙirga takwas kafin ta je ta dawo.
Biyu, goma sha biyar.
Na uku, ta fice gefe ta yi zamanta.
"Cire," in ji Kawu. "Haƙurin da ya manta hanyar gida ɓata ne."

Sauran surutu.
In an taɓa ta sau ɗaya, sai ta yini tana maimaitawa.
Ya ɗaura mata cokali, ya tsoma a kofin man riɗi:
ta faɗi abin da ta ji, ta yi shiru.
Man ya yi kauri, ta kurumce.
Azahar ta tsinka shi, ta koma zuba.
Muka haƙa daɓe har muka tarar da dutse,
muka kife mata tsohon firji saboda iska da rana.
Allura a kan takardar da fitila ta shafa wa baƙi,
cikin agogon bango yana juya gangar.

Wata bakwai tana rubuta manyan motocin tashar jiragen ruwa,
da taɓaryar Balaraba,
da tsalle-tsallen jikoki.
A cikin watannin nan yanar ido ta rufe wa Kawu duniya.

Sai wata asuba na buɗe firjin.
Layin da ya kwana a miƙe ya yi ƙananan haƙora,
can gaba ya buɗe, dogaye, masu nutsuwa,
kamar numfashin saniya a kwance.
Ba wanda ya farka. Ko kofi bai faɗi ba.

Na kai masa. Ya miƙo yatsa, ya janye,
ya san baƙin fitila ba ya son taɓi.
"Daga ina?" Na ce ban sani ba, daga nesa dai.
Ya yi shiru, har ladan ya gama.
"Bayan nan fa, ta dawo tsakiya?"
Na ce ta dawo.
"To, sa mata sabuwar takarda."